Shafin Malam Ya Ɓace a Hausa

INNA KULU: Salamu alaikum. Halo? Adnan, kai ne?

ADNAN: Wa alaikumus salam. Ni ne, Inna. Ina wuni?

INNA KULU: Lafiya lau. Ina gajiya?

ADNAN: Babu gajiya. Ya gida, ya jama'a?

INNA KULU: Kowa lafiya, alhamdu lillahi. Ya zafin nan?

ADNAN: Lokacinsa ne. Ya ƙafar taki?

INNA KULU: Da sauƙi, in dai ban tsaya ba. Ya matarka Tayyiba? Ya mutuniyata Ikhlas, haƙoran sun fito?

ADNAN: Sun fito, Inna, mu ne dai muke shan cizo. Bari in kashe in kira ki, kada katinki ya tafi.

INNA KULU: Bar shi, na riga na kira. Ya aiki?

ADNAN: Da godiya. Ya shirin walimar gobe?

INNA KULU: Shiri sai hamdala. An kafa rumfa, an kawo kujeru, gidan nan ba wurin taka ƙafa. Mata na ta tsintar shinkafa, masu sauka na ta tilawa, kowa da irin ƙararsa. Kana ina yanzu?

ADNAN: Ina shago, Gyallesu.

INNA KULU: Ka ci abinci?

ADNAN: Na ci.

INNA KULU: To madalla, gara kai. Babanku ko kokon safe bai taɓa ba.

ADNAN: Baba Dabo? Subhanallahi. Jikin ne?

INNA KULU: Jiki garau. Zuciya ce. Kuma a kanka ne.

ADNAN: A kaina? Me na yi?

INNA KULU: Wannan shafin makaranta da ka yi mana a intanet, wanda za a buɗe gobe gaban baƙi. Da safen nan aka kai masa waya ya ga kansa. Ya danna Turanci, ga shi nan da rawaninsa. Ya danna Larabci, ga shi nan. Ya danna Hausa, sai wani farin fili fetal da lamba a tsakiya, huɗu, sifiri, huɗu, sai ka ce tsohuwar fijon Marigayi kakanku.

ADNAN: Wato shafin bai fito ba ke nan. Wannan ai ƙaramin abu ne, Inna, yanzu zan...

INNA KULU: Tsaya, ban kai ƙarshe ba. Sai ya ce a danna masa na ƙaninsa. Aka danna. Sai ga ubanka Sadiq a Turanci, ga shi a Larabci, ga shi a Hausa, har da murmushi.

ADNAN: Inna lillahi.

INNA KULU: Ya ajiye wayar a hankali. Ka san in ya yi abu a hankali an shiga uku. Ya ce yanzu ya gane. Ya ce tun da aka fara maganar wanda zai riƙe sabon sashen sakandare yake lura da take-taken gidanku. Wai an bar shi a Turanci da Larabci saboda baƙi, an share shi a Hausa inda mutanen Tudun Wada za su gani. Ya ce binne shi aka yi da ransa, kuma ɗan ƙaninsa aka miƙa wa shebur.

ADNAN: Haba, Inna. Abba fa ko buɗe shafin bai iya ba. Saƙo ma sai an karanta masa.

INNA KULU: Ni kake faɗa wa? Na san Sadiq tun yana satar min ƙosai a faranti. Amma an riga an aika masa ya zo bayan La'asar, shi da duk manyan gida. In aka zauna zaman nan shafin bai dawo ba, wa da ƙani za su faɗa wa juna abin da ba ya goguwa. Shi ya sa na laɓe na kira ka.

ADNAN: To, ga laftof nan na buɗe. Shafinsa kaɗai ne ya ɓace?

INNA KULU: Uku ne.

ADNAN: Wanne da wanne?

INNA KULU: Nasa, da na Marigayi, da na yaron nan.

ADNAN: Wane yaro?

INNA KULU: Yaron nan dai.

ADNAN: Inna, makaranta ce fa, yara sun fi ƙarfin lissafi.

INNA KULU: Na wajena. Babban.

ADNAN: Yaya Kailani? Yaron da furfura ta cinye wa gemu?

INNA KULU: Shi.

ADNAN: To. Na kakanmu Malam Salmanu, na Baba Dabo, na Yaya Kailani. Sauran duk suna fitowa?

INNA KULU: Duk. Har na mai gadi.

ADNAN: Bari mu fara daga mai sauƙi. Wayar da ke hannunki, kin goge kash?

INNA KULU: Me ya faru?

ADNAN: Babu abin da ya faru. Na ce kash...

INNA KULU: To ai na ji ka ce kash. Wani abin ne ya sake lalacewa?

ADNAN: A'a, Inna, sunan wani abu ne a cikin wayar. Wani ɗan rumbu ne da take ajiye tsofaffin shafuka. Wani lokaci sai ta yi ta nuna miki na jiya alhali an canza.

INNA KULU: Aka rasa sunan da za a sa masa sai kash. Lallai wanda ya ƙera shi ya san halinsa. To ba wayata kaɗai ba ce. An gwada ta Surayya ta nan gida, an gwada ta direba, an gwada ta mai kawo kujeru. Duk fijo.

ADNAN: Nan ma ga shi, ni ma ita nake gani. To ba daga waya ba ne. Bari in duba adireshin... Halo? Inna? Halo?

INNA KULU: ...ba na... kamar kana cikin rijiya...

ADNAN: Ki matsa wajen tankin ruwa, can ne sabis yake.

INNA KULU: Wajen tanki? Can ake wankin tukwane. Tsaya. Ke, ɗage min wannan bahon in wuce. To, ga ni. Kana ji?

ADNAN: Yanzu ina ji. Na ce bari in duba ko ƙugiya ce. Kin tuna kwanakin baya shafin Ɗalibai ya ɓace saboda ƙugiyar da ke kan harafin farko ta shiga cikin adireshi?

INNA KULU: Na tuna, har ka ce in cire ta. In rubuta dalibai, sai ka ce wadda ba ta shiga aji ba. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina jan kunnen 'yan mata kan ƙugiya. In ka cire ta, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Ka gyara injinka, kada ka gyara min harshe.

ADNAN: Ai na gyara tun lokacin. Kuma nan ma ba ita ba ce. Salmanu ba ƙugiya, Dabo babu, Kailani babu. Ko akwai?

INNA KULU: Uhm.

ADNAN: Inna?

INNA KULU: Na ce uhm. Ci gaba.

ADNAN: Maɓallin sauya harshe yana aiki. Jerin shafukan da ke sama yana nan daidai. Na Larabci da Malam Fahad ya fassara duk sun hau, ko ɗaya bai faɗi ba. Na Hausa ne kawai, kuma ukun nan kawai. Kin tabbata kin fassara su?

INNA KULU: Adnan, ni kake tambaya? Su na fara yi. Na Marigayi har hawaye na yi a kansa. Na zauna na tace kowace jimla, inda Bature ya yi tsalle na sa masa tsani. Sai ka je ka tambayi Babanku dalilin da ya sa bai ba kowa aikin nan ba sai ni, duk da digirorin da ke cikin gidan nan.

ADNAN: Allah ya ba ki haƙuri, tambaya ce kawai. Ga su nan ma ina gani a ciki, rubutu cike. Suna nan a ɗaki, sun ƙi fitowa tsakar gida. Abu sai ka ce dabo.

INNA KULU: Kai, Adnan.

ADNAN: Na'am?

INNA KULU: Rufa-ido ake cewa.

ADNAN: Ai duk ɗaya ne, Inna, da rufa-ido da dabo...

INNA KULU: Na ce rufa-ido. A gidan nan rufa-ido ake cewa.

ADNAN: To, rufa... Tsaya.

INNA KULU: Halo? Ka tafi?

ADNAN: Ina nan. Bari in buɗe wani wuri. Netwok ɗin yana jan ƙafa. Ya buɗe. Inna.

INNA KULU: Na'am.

ADNAN: A wurin da kike fassara akwai akwati biyu. Ƙarami a sama, na take. Babba a ƙasa, na bayani.

INNA KULU: Na sani, kai ka nuna min.

ADNAN: Babban a cike yake. Ƙaramin babu ko ɗigo. A duka ukun.

INNA KULU: To?

ADNAN: To ai shi ne matsalar. Taken shafin Baba sunansa ne. Taken na Kaka sunansa ne. Na Yaya ma haka. Kin bar su a buɗe.

INNA KULU: Suna ana fassara shi ne? Ga shi nan a gefe an rubuta da Turanci, baƙi ɗaya, wasali ɗaya. Na ce injin ya ɗauka daga can, ai ba makaho ba ne.

ADNAN: Shi ba haka yake lissafi ba. In ya ga akwati ɗaya babu komai, sai ya ce ba a gama fassara ba. Wanda ba a gama ba kuma ba ya fitar da shi a Hausa, ɓoye shi yake yi. Kuma Baba ne da kansa ya ce in saita shi haka, wai kada Turanci ko kalma ɗaya ya leƙo ɓangaren Hausa.

INNA KULU: Wato shi ya kulle kansa.

ADNAN: Ke kika rufe ƙofa, shi ya sa kwaɗo. Bari in duba cikin bayanin. Malam ya yi karatu, Malam ya koma, Malam ya gina... Na Kaka kuma Marigayi, Marigayi, Marigayi. Na Yaya, babban ɗansa, shugaban sashen hadda, babban ɗansa. Inna, shafi uku cur, ko sau ɗaya sunan mai shafin bai fito ba.

INNA KULU: Amma ka ga inda ma'ana ta karye?

ADNAN: Ba ta karye ba.

INNA KULU: To ka gani.

ADNAN: Na Abba kuwa kin rubuta Sadiq a take, kin rubuta a ciki, har inda Turancin bai ambata ba kin ƙara.

INNA KULU: Sadiq ƙanin miji ne, abokin wasana ne. In ga dama in rubuta shi a bayan tukunya. Ka haɗa shi da suruki, da maigida, da ɗan fari? Wace irin tarbiyya uwarka Atika ta yi maka?

ADNAN: Na san ba kya faɗa, Inna, kowa ya sani. Amma rubutu ai ba faɗa ba ne.

INNA KULU: Kai kana rubutu da baki a ɗinke? Ni in ina rubuta kalma sai leɓena ya motsa. Ko bai motsa ba, zuciya ta faɗa. Hannu ma yana da kunya, in ba ka sani ba.

ADNAN: Akwai ɗan maɓalli a gefen akwatin, da kin danna shi zai kwafo sunan daga Turanci da kansa.

INNA KULU: Na gan shi. In na danna, wa ya sa? Ba ni ba?

ADNAN: To duk shekarun da kika yi kina kiran sunaye a aji, in aka zo kan mai irin sunan fa?

INNA KULU: Makarantar 'yan mata na koyar. Ka ɗauka haka kawai na zaɓe ta?

ADNAN: Allahu akbar. Na bi kash, na bi ƙugiya, na bi adireshi, ashe kunya ce ta shiga injin. To ba komai, ni ba surukina ba ne. Ga shi ina rubutawa. Malam Salmanu Nagoda. Na adana. Malam Dabo Salmanu...

INNA KULU: Ba sai ka karanta min a kunne ba. Rubuta kawai.

ADNAN: Na rubuta. Na Yaya ma. Duk sun yi kore. Ki ba Surayya ta sake buɗewa ta gani.

INNA KULU: Tsaya. Surayya! Zo danna min na Babanku, na Hausa. A'a, goge hannunki tukuna, duk manja ne. Danna. Yana juyawa... yana juyawa... Ga rawani! Ya fito, Adnan. Ga shi nan har da sandarsa. Je ki, na gode. Kai, Allah ya yi maka albarka. Allah ya raya Ikhlas.

ADNAN: Amin, Inna. Hankalina ya kwanta. Yanzu sai in kira Baba in yi masa bayani kafin La'asar, kowa ya huta.

INNA KULU: Ka yi masa wane bayani?

ADNAN: Yadda abin ya faru mana. Cewa akwatin take ne aka bari, saboda ke ba kya...

INNA KULU: Shafinsa yana gabanka?

ADNAN: Yana gabana.

INNA KULU: Sauka sakin layi na uku. Karanta min.

ADNAN: "Malam ya shahara wajen yaƙar al'adun da ba su da tushe a addini, musamman ɓoye sunan miji da na suruki da na ɗan fari. Kamar yadda yake yawan faɗa a wa'azinsa, daga cikin gidansa ya fara kawar da su, kafin ya kira kowa." Inna.

INNA KULU: Na'am.

ADNAN: Ke kika fassara wannan?

INNA KULU: Da kyau kuwa. Ka ga inda na sa waƙafi? Turancin ma bai kai shi daɗi ba.

ADNAN: Kika rubuta wannan, sannan kika hau sama kika bar akwatin sunansa fayau.

INNA KULU: Aikina fassara ne, ba a ce in yi shaida ba.

ADNAN: Shi duk zaman nan bai taɓa lura ba?

INNA KULU: Mutumin da duk Zariya ke ce wa Malam, tun daga liman har mai acaɓa, yaushe zai lura matarsa ma Malam take cewa? Ina amarya ya zaunar da ni ya kawo hujjoji, ya ce matan Sahabbai suna kiran mazansu da suna, saboda haka in riƙa kiran nasa. Na ce to. Yana nan yana jin daɗin wannan to ɗin har yau. Ya faɗe shi a masallaci, ya faɗe shi a rediyo. Akwai matan da mazansu suka tsare su da cewa ku dubi gidan Malam.

ADNAN: To ai gaskiya ce za ta fito kawai.

INNA KULU: A gaban wa? A gaban Sadiq? Ka san ubanka. In ya ji wannan, kafin Magariba ya kai shi majalisar bakin kasuwa, kafin Isha'i an ji a Dutsen Abba. Gobe mutumin nan zai hau mumbari gaban ɗalibansa na da da na yanzu, kowa na danne dariya a cikin rawani. Fushin da yake yi yanzu zai huce. Wannan kuwa ba zai tashi daga ita ba, na san shi. Ina jin tausayinsa, Adnan. Duk faɗansa, abin da ya ɗauka ya gyara a duniya ke nan.

ADNAN: To me kike so in ce? In ce injin ne?

INNA KULU: In ka ce injin ne zai ce wa ke tuƙa injin. Ka ce kai ne.

ADNAN: Ni?

INNA KULU: Ka ce mantuwa ka yi. Shi makirci yake zargi. In ya ji sakaci ne na yaro, zai yi faɗa ya sha ruwa, ubanka ya koma gida da 'yan'uwantakarsa. Kuskure a wurinka ado ne, kai yaro ne.

ADNAN: Inna, ina da mata da 'ya fa. Kuma gobe masu makarantu za su zo, da wannan aikin nake so su san ni. Sai a ce wanda ya manta sunan mai makaranta?

INNA KULU: Za su ce ga yaro mai ladabi, ya yi laifi ya amsa. Irinku ake nema.

ADNAN: Wallahi wannan ba adalci ba ne. Ke kika bar akwati, shi ya sa kwaɗo, ni da na buɗe ni zan...

INNA KULU: Yi shiru, ga takunsa nan. Sannu da fitowa, Malam. Ga ɗanka a waya, ya gano matsalar, shafi ya dawo. Tun ɗazu yake roƙona in haɗa ku, wai yana so ya ba ka haƙuri.

ADNAN: Inna! Ban ce... Inna!

BABA DABO: Salamu alaikum.

ADNAN: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, barka da rana. An wuni lafiya?

BABA DABO: Lafiya. Ina sauraronka.

ADNAN: Ya shirye-shiryen...

BABA DABO: Na ce ina sauraronka.

ADNAN: Baba, shafin ya dawo. Duka ukun. Dama... wani akwati ne aka bari ba a cike ba, shi ya sa injin ya ɓoye su.

BABA DABO: Aka bari. Wa ya bari?

ADNAN: Akwatin take ne, inda ake sa suna.

BABA DABO: Ban tambaye ka sunan akwati ba. Na ce wa ya bari?

ADNAN: Ni ne, Baba. Mantuwa na yi. Abba bai san komai a kai ba, ko labarin bai ji ba.

BABA DABO: Sunana ka manta.

ADNAN: Ayyuka ne suka yi yawa.

BABA DABO: Ka tuna na mai gadi, ka manta nawa. Ni da na ɗauke ka a hannuna na raɗa maka naka. Ka manta na kakanka da ya kafa wurin, ka manta na yayanka. Sai na ubanka ne ya tsaya maka a ka.

ADNAN: Shi ma sa'a ya ci, Baba. A gafarce ni.

BABA DABO: Hm. To. Na yi zaton abin ya fi haka, kuma na yi wa ɗan'uwana mummunan zato, Allah ya yafe mini. In ya zo sai mu sha shayi. Kai kuwa, wannan ita ce illar karatunku, kuna sanin injin kuna manta mutane. Ka yi koyi da Innarka. Ga tsohuwa da ciwon ƙafa, an ba ta aiki ta yi shi tsaf, ko wasali ba ta bari ba. Da irinku ne aka ba, da yanzu babu ni a Larabcin ma.

ADNAN: Haka ne, Baba.

BABA DABO: Abin ma ya zo da alheri, don ya sa na yi tunani. Tunda injin yana iya ɓoye mutum, ba zan dogara da shi kaɗai ba. Gobe idan ka haska shafin a babban allo, Kulu ce za ta karanta shi da bakinta, a lasifika, daga rumfar mata. Tun daga take har ƙasa. Nawa, da na mahaifina, da na Kailani, kowa da cikakken sunansa.

ADNAN: Baba, ai... ƙafarta. Tsayuwa tana ba ta wahala.

BABA DABO: Da ƙafa ake karatu? A ba ta kujera. Ina so matan Tudun Wada su ji da kunnensu cewa abin da aka rubuta a sakin layi na uku ba cika baki ba ne. Kulu, kin ji ko? Ga ta nan ta sunkuyar da kai. Kunyar lasifika take ji, ka san ta da kawaici. Ungo wayarki, zan yi alwala. Kai kuma kada in sake ganin lambar nan.

ADNAN: In sha Allahu, Baba. Halo? Halo, Inna?

INNA KULU: Ina nan.

ADNAN: Kin ji abin da ya ce?

INNA KULU: Ciwon ƙafa nake yi, ba na kunne ba.

ADNAN: To yanzu ya za a yi?

INNA KULU: Tsaya ya shige. Ya shige. Adnan.

ADNAN: Na'am.

INNA KULU: Ɗan albarka. Yaron kirki. Tun kana cikin zani na san za ka yi hankali.

ADNAN: Inna, me kike so?

INNA KULU: Wannan fijon. Huɗu, sifiri, huɗu. In mutum yana so ta dawo gobe da hantsi, daidai an gama addu'ar buɗe taro, ina ake dannawa?

ADNAN: Inna, yanzu fa na gama wanke Abba! In shafin ya sake ɓacewa a gaban jama'a, ni da shi sai dai mu bar Zariya.

INNA KULU: Ai na ji yadda ka ba da haƙuri, ka iya sosai, na biyun zai fi zuwa maka da sauƙi. Faɗa min da sauri, ga wata mata nan ta shigo layin tana cewa katina ya kusa...